Sandunan Gora na Muhsina

Talata ce. Bayan asuba Muhsina ta kawo wa mahaifinta, Malam Barau, kunu, ta tsaya tana kallon yadda zai miƙe daga buzu.

"Baba, kullum da hagu kake dafawa."

"Ni ma kin sa ni cikin majinyatanki ke nan?"

"Kai kyauta nake duba ka."

Likitar gashin ƙashi ce, ko da yake a Gaya mai tausa ake ce mata. Koya wa masu shanyewar ɓarin jiki tafiya ne ya kai ta ga bincike. Littattafan da ta karanta tashi daga kujera suke aunawa. Mutanenta kuwa a tabarma suke zama, kuma tambayarsu ta farko ita ce yaushe za su iya sujada. A kan wannan ta koma jami'a.

Da hantsi ta hau acaɓa zuwa Toranke, wurin Iya Hansai, tsohuwar da ta shekara a kwance. Ta riga ta kafa mata sandunan gora biyu a tsakar gida, na dafawa. Da azahar ta kira mahaifinta.

"Baba, Iya ta miƙe da kanta, har da zagina. Saura durƙusawa."

Bayan la'asar, a hanyar dawowa, babur ya zame a yashi.

Ɗan acaɓan ne ya ba Barau sauran labarin. Tana kwance tana magana sarai. "Kada ku ɗaga ni, wuyana ne. Ku ciro ƙyaure ku ɗora ni." Amma ba a barin 'ya mace yashe a titi maza na kallo. Mutanen da suka taru suka kama hannu da ƙafa, suka lanƙwasa ta cikin adaidaita sahu. Kafin a kai asibiti ta yi shiru.

Masu gaisuwa suna cewa kwana ne ya ƙare. Barau bai musa ba. Sai dai ya je wurin da ta faɗi, ya ga shago a bakin hanya, da ƙyaurensa na katako.

Bayan arba'in aka raba tufafinta. Littattafan, aka sa su a buhu, aka ɗora a kan durowa. Barau ya tafi Toranke don ganin sandunan. Ya tarar da Iya Hansai a ɗaki, a kwance take salla. Gora ɗaya an tokare rumfa da ita. Ɗayar ana shanya a kai.