Inna Ta Ce Ka Riƙa Cin Abinci

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. A gidanmu da ke Ƙofar Gayan wannan ba abin magana ba ne, haka aka tarar ana yi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata Hajiya, can na girma. Idan Inna za ta ambace ni sai ta ce "wancan", ranar da take cikin raha kuma ta ce "mutumin Hajiya". Ko a tsakar gida muka yi kiciɓis sai ta sami abin kallo a jikin bango. In tana da magana da ni ƙanwata take aikowa, ko da kuwa ina tsaye a bakin rijiya ina jin komai da kunnena.

Ban taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba. Na san wadda take cusa tsokar nama a ƙarƙashin tuwona. Amma ina son ta yi mini magana, wallahi ina so. Na ga 'ya'yan fari da suka manyanta, iyayensu mata suka sassauta har ana zama tabarma ɗaya ana hira. Shi na ƙudura a raina: in na zama mutum zan zauna a ƙofar ɗakinta, ta yi mini magana baki da baki.

Sai ga gurbin karatu ya faɗo mini a wata babbar jami'ar fasaha a ƙasar waje, irin wadda ake tankaɗe da rairaya kafin a ɗauki mutum. Mu Zage-zagi kuwa a taɓa mana komai, ban da karatu. Baba malamin zaure ne, da littafi ya tsufa, kuma a ganinsa wanda ya fita neman ilmi ba a kiransa gida sai ya ƙare. Ƙanensa, Baffa, ko jirgi ban hau ba ya raɗa mini Injiniya, ya bi majalisun unguwa yana shela kamar shi aka ɗauka. Sharaɗin masu ɗaukar nauyina shi ne tikiti biyu, na tafiya da na dawowa bayan an gama.

Ranar tafiya Inna ba ta fito ba. Ƙanwata ce ta biyo ni zaure da ƙullin dambun nama da yaji da kuka, ta ce, "Yaya, Inna ta ce ka riƙa cin abinci."

Ba zan ci amanar makarantar nan ba, ta koyar da ni. Injiniyancin lantarki na karanta, ni da na yi haddar sakandare da fitilar ƙwai. Na taɓa na'urorin da a da sai a hoto nake gani, na zauna gaban malaman da in sun yi bayani sai ka ji kanka ya buɗe. Har yau in na tuna ranar da na'urar farko da na haɗa da hannuna ta tashi, sai na ji daɗi. Sai dai wurin ba shi da tausayi. Yaran da kowannensu shi ne zakara a garinsu, can sai ka ga mutum yana kuka a bakin ɗakin jarrabawa. In ka faɗi darasi ka sake faɗuwa, an janye tallafi, sai ka tattara komatsanka. Ina faɗa wa mutanen gida wannan a waya don su taya ni da addu'a, su kuma suka riƙe shi da kyau.

Duk Juma'a nake kira, in an sauko daga masallaci. Baba ne farko: salla, karatu, sanyi. Daga nan ƙanwata ta karɓi wayar ta shiga cikin gida tana cewa, "Inna, ga Yaya." Inna ba ta karɓa, ni ma ban sa rai ba. Sai in ji ƙarar ludayi a tukunya, ko gyaran muryarta, wani lokaci in tsinkayo ta daga nesa tana cewa, "Ki ce wa wancan..." sauran ya ɓace. Ƙanwata ta ƙarasa mini: ta ce ka riƙa cin abinci, ta ce ka rufe ƙirjinka. Da wannan nake cin mako guda.

A shekarar ƙarshe sai na daina jiyo motsin Inna a wayar. Yau Inna ta tafi barka, gobe tana salla, jibi ta ɗan kishingiɗa. Saƙo dai bai fasa zuwa ba, kowace Juma'a Inna ta ce in riƙa cin abinci. Ni kuma aikin kammalawa ya sha mini kai, ga jarrabawa a gaba. Me zan lura da shi? Matar da tun ina yaro ba ta yi mini magana, don ba ta yi magana ba sai in ce wani abu ya faru?

Na gama, da sakamako mai kyau kuwa. Baffa ne ya taro ni a filin jirgi, duk hanya yana ba ni labarin siyasa. Da na hango dutsen Kufena murna ta cika ni, ina ta shirya gaisuwar da zan yi a ƙofar ɗakinta. Muna isa na tarar da zaure cike da dattawa. Na yunƙura zan shige ciki, Baba ya ce, "Zauna tukuna, ka sha ruwa." A gidanmu ba a gaya wa matafiyi mugun labari da yunwa a cikinsa, to amma ni ban kawo komai a raina ba. Aka kawo tuwo na ci. Na ji miyar ba hannunta ba ce, na laluba ƙasan tuwon ban sami komai ba, na ce a raina yau baƙi sun yi yawa.

Sai da na wanke hannu Baba ya ce, "Sai haƙuri. Allah ya yi wa mahaifiyarka rasuwa tun kafin azumin bara."

Ban yi salati ba, Allah ya yafe mini. Cewa na yi, "To wa yake aiko mini da saƙo?" Can Baffa ya gyara zama ya ce, "Injiniya, da mun faɗa maka me za ka yi? Kafin ka nemi jirgi an rufe ta. Ka rasa uwa, ka kuma rasa karatu? Mun duba maka ne."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lissafinsa daidai ne. Na karanci lissafi a inda ake ji da shi, na juya maganar Baffa ta kowace fuska, ban sami inda ta karkace ba. Duk da haka na tsane ta. Na daina cin abinci a zaure, tsakanina da Baffa sai gaisuwa. Ƙanwata kuwa ko kallonta ba na son yi.

Aikin da aka ce yana jirana bai zo ba. Na yi yawon ofisoshi har takalmina ya gaji, kowa ya ga takardata sai ya jinjina kai ya ce ai na fi ƙarfin wurin. Yanzu sola nake haɗa wa mutane a Tudun Jukun da cikin birni, ina hawa rufi da tsani. Ilmin yana aiki, ban taɓa haɗa wadda ta ƙone ba. Gidanmu na fara sa wa, har da ƙwan lantarki ɗaya a ɗakin Inna, inda yanzu buhunan masara suke. Maƙwabta sukan turo mini 'ya'yansu in nuna musu yadda ake samun irin makarantata. Ina nuna musu, don ban san me zan ce in hana su ba.

Sai bayan ƙanwata ta yi aure na iya zuwa gidanta. Da la'asar ne, tana tsince shinkafa a faranti. Na ce mata abu ɗaya nake so in sani: a cikin saƙonnin nan, wanne ne na ƙarshe da ya fito daga bakin Inna?

Ta ajiye farantin. Ta ce, "Yaya, kana ta fushi da Baffa, ba shi ba ne. Baba ma cewa ya yi a kira ka tun tana asibiti. Ita ta hana. Ta riƙe hannuna ta sa na yi mata alkawari, ko bayan ranta in ci gaba da faɗa maka duk Juma'a har ka gama."

Fushin da na yi shekaru ina riƙo na rasa inda zan ajiye shi. Sai na tambaye ta abin da ya rage mini, ina jin kunyar tambayar kamar ƙaramin yaro. Na ce a wannan ranar, da ta san tafiya za ta yi, ta faɗi sunana?

Ƙanwata ta buɗe baki, na ga tana shirin yi mini irin taimakon da ta saba. Na ce, "Don Allah kar ki ƙara."

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Cewa ta yi, kar ku faɗa wa wancan, yana da jarrabawa."