Akwatin da ba ya son gaggawa

Shekarar da mutane suka yi ta kwararowa Yola suna gudun tashin hankali, aka ɗauke ni aikin rubuta sunaye a wani ƙaramin ofis kusa da sansanin Malkohi. Ajami na iya, boko kuwa sai a hankali, amma ina jin Fulatanci, su kuma abin da suke nema ke nan. Abokiyar aikina Kirista ce 'yar kudu, mijinta na da shago a Jimeta. Ina ce mata Madam, tana ce mini Modibbo.

Kayan aikinmu kwamfuta ce da wani baƙin akwati da sunayen ke ciki. In na kunna, lafiya lau. In ita ta kunna, sai allon ya fito fari fat, kamar ba a taɓa rubuta kowa ba.

"Modibbo, faɗa mini gaskiya, me kake tofa masa?"

"Wallahi Madam, bisimilla ce kawai."

Mai gyara ya zo ya zuba mana ido. Ni nakan kunna akwatin, in yi bisimilla, in gyara zama, sannan in taɓa kwamfutar. Ita kuwa da hannu biyu take dannawa lokaci guda. Ya ce kwamfutar da akwatin tsere suke yi. Kwamfutar na farkawa takan nemi akwatin, in bai gama tashi ba sai ta wuce, ba ta sake tambaya. Wajen kashewa kuma akwatin ne na ƙarshe, in ba haka ba sunayen da aka shigar daga baya su ɓace.

Wata Juma'a ina masallaci aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Wata dattijuwa ta zo cigiyar 'yarta da suka rabu a hanya, ga motar da za ta kai ta Ngurore tana jira a ƙofa. Madam ta manta, ta danna duka biyun. Fari fat. Dattijuwar ta ɗauka babu sunan, ta miƙe za ta tafi.

"Inna, zauna tukuna!"

Madam ta kashe komai, ta kunna akwatin, ta rufe ido ta yi addu'arsu ta coci har ƙarshe, direba na ta danna oda, sannan ta kunna kwamfutar.

Na dawo na tarar ana sauke ƙunshin Inna daga mota. Sunan ya fito. 'Yar tana Namtari, har ta haihu. Madam na dariya tana share hawaye.

"Modibbo, ai addu'ar tawa ta fi taka tsawo."

Na ce alhamdu lillahi, na fita nemo wa Inna abin hawa zuwa Namtari.