Sagiru Mai Hoto da Zanen da Ya Sa Na Riƙe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Lahadi, 18 ga Mayu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Sagiru Mai Hoto a gidansa da ke Gobarau, bayan jinyar wata huɗu. Ƙanen matata ne, marigayiya Ma'u, kuma abokin wasana na kusan shekara hamsin. Na girme shi da shekara tara. Na zaci shi zai bi gawata, sai Mai abu ya tsara yadda ya so.

Sagiru, da aka ce mini da hantsi ka cika, sai na ce a raina: har a nan ma bai yarda da rana tsaka ba.

Duk wanda ya san ka ya san ba ka ɗaukar mutum rana na bisa kai. Kakan ce tana haƙa rami a idanu, ta tara duhu a ƙarƙashin hanci, ta mai da ango kamar wanda ya kwana yana zazzaɓi. Lokacinka biyu ne, hantsi da bayan la'asar. Ranar da gari ya yi lumshi kuwa sallarka ce, kana cewa Allah ya yi wa kowa rumfa. Kafin ka taɓa kyamara sai ka miƙa bayan hannunka a inda mutum zai tsaya, ka juya shi, ka ga yadda haske ke kwanciya a kan baƙar fata. Wannan hannun ne ma'auninka.

Ban manta wani attajiri da ya zo maka cikin farar shadda ba, tana ƙyalli, ya ce maza a ɗauke shi a fili don aikin wuyan ya fito. Ka ce masa farar riga tana ruɗin kyamara, ita ta fito tas, mai ita ya koma gawayi. Ya nace. Sai ka ce, "Alhaji, kai za a ɗauka ko rigar? In ita ce, tuɓe ka rataya, yanzu in gama maka." Ya yi dariya ya zauna a benci har la'asar.

Ni ma ban tsira ba. A 1987 na ce ka zo ka ɗauki yayarka, don ba ta da hoto ko ɗaya. Na shimfiɗa mata tabarma ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida. Kana shigowa ka ce, "Yaya Dabo, mi ta yi maka za ka mai da ta zabuwa?" Na duba, ashe hasken da ke ratsa ganye ya yi mata tabo-tabo a fuska. Ka matsar da ita jikin bango, ka ce a jira rana ta sunkuya. Da ta sunkuya, gefen fuskarta ɗaya ya yi duhu. Sai ka zare farin zanen gado daga igiyar shanya, ka danƙa mini, ka ce in buɗe shi in tsaya ta wancan gefen, ya maido mata da haske.

Ni, mai gida guda, da rigata da hulata, ina tsaye da zane kamar mai wanki. Na ce, "Sagiru, ka dai sami dama." Ka ce, "Ɗaga sama, Yaya, ai ba buhun gero ba ne." Ma'u, wadda ta ɗaure fuska tun safe don kunya, ta dube ni ta fashe da dariya. A daidai nan ka danna.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Wannan hoton kaɗai na yarda ita ce. Sauran na katin zaɓe ne da na fasfo, waɗanda ko ita ba ta yarda da su ba. Da daminar bara bangon ɗakina ya zube, hoton ya kwana cikin laka, fuskar ta narke. Abin da ban faɗa wa 'ya'yana ba na faɗa maka a zaurenka: na ce, "Sagiru, in na rufe ido ina jin muryarta, amma fuskar ta fara ɓace mini." Ba ka yi mini wasa ba ranar. Ka ce fim ɗin da aka wanko hoton daga gare shi yana nan cikin akwatunanka, sai dai akwatunan bakwai ne, ba kuma rubutu a kai. Da ciwo ya kwantar da kai ban ƙara tayar da maganar ba. Na haƙura, na ce ta tafi sau biyu.

Ranar sadakar uku, 'yarka Fadila ta aiko a kira ni soro. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ga saƙonka." Ta ce tun kana iya zama kake sa a fito da kai ƙofar ɗaki bayan la'asar, kana ɗaga fim ɗaya-ɗaya kana duba shi a hasken sama. In an ce a kunna maka fitila ka ƙi. A akwati na shida ka same shi, kwana tara kafin ka rasu, ka sa aka kai aka wanke, ka ce kada a gaya mini, kai za ka kawo da kanka ka ga ko tsoho zai yi kuka.

To, Sagiru, ya yi. Ba ka dai gani ba.

Ga ta nan a gabana ina rubutun nan, tana dariya, ba ta kallon kyamara. Sai yanzu na lura da ɗan farin ɗigo a cikin idonta. Zanen nan ne, da ni a bayansa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hajiya Hafsat, da Fadila da ƙannenta, da jama'ar Gobarau. Allah ya ba ku haƙuri da juriya. Kai kuwa, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka kamar yadda ka haskaka fuskokin bayinsa. Allah ya haɗa ka da yayarka a Aljannar Firdausi. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani, amin.

Dabo, Kambarawa, Katsina