Ranar da Na Zuba Yaji a Tukunyar Japanawa

Ni ne wawan da aka kai London karatu ya dawo gida bayan mako bakwai, bai iya komai ba sai "sorry" da "thank you". Abin ya faru wata Asabar da azahar, a tsakiyar shekarun saba'in, ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma har yau idan na ga tukunya tana tafasa a tsakiyar mutane sai in ji kunyar ta dawo mini sabuwa.

Lokacin kuɗin mai sun shigo, har wanda jiya yake facin keke ya wayi gari ɗan kwangila. Kawu Sule, yayan mahaifiyata, yana cikinsu. Babura yake shigowa da su, ya sayi gida a unguwar Barking ta London, ya kai iyalinsa. Inna ta yi watanni tana roƙonsa ya ɗauke ni ya sa ni makaranta, don ni a ƙauye ba abin da na sani sai korar tsuntsaye a gonar gero, wasan langa da satar mangwaron liman. Ya yarda ne don kunyar dangi. Ranar tafiya Inna ta ƙulle mini yaji a tsumma, ta ce in ji ƙamshin gida idan abincinsu ya gagare ni.

Ban so Kawu ba, shi ma bai ɓoye nasa ba. 'Ya'yansa in na yi musu Hausa sai su amsa da Turanci, suna toshe hanci. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana ba, "kai baƙauye" kawai. Ya ce makaranta sai an ga hankalina, kuma kunya ɗaya na ba shi, jirgi zai mayar da ni.

To, wani Bajapane da yake sayar masa da babura ya gayyace mu cin abinci a gidan abincin mutanensu. Kawu ya aika wa gidan abincin naman yankan Musulmi tun jajibere, ya yi wa kowa huɗuba a mota, ni kuma ya murɗe mini kunne. Muna shiga sai hankalina ya kwanta. An ce mu cire takalma a bakin ƙofa. Ga tabarma, ga zama a ƙasa, ga mata suna rusunawa idan za su gaishe ka. Na ce a raina, ai waɗannan mutanenmu ne, fatar ce kawai ta bambanta. Aka miƙo wa kowa ɗan tawul mai zafi, na ɗauka kyauta ce, na cusa nawa a aljihu.

Sai wata mata ta kawo tukunyar tagulla cike da ruwa garau, da wani baƙin ganye guda ɗaya a ciki, ta ajiye a tsakiyar tebur ta koma ɗauko wuta. A gidanmu, idan ruwa ya riga abinci zuwa, yaro ya san aikinsa. Na tashi da ladabi na ɗauki tukunyar, na durƙusa gaban mai masaukinmu. Ya dube ni, na dube shi. Na ga bawan Allah bai gane ba, sai na tsoma hannuwana ciki don in nuna masa, na ɗauki ganyen nan na dirje yatsuna da shi kamar soso. Ashe romon da za a dafa abincin ke nan.

Mutumin ya yi dariya har da buga cinya, ya sa aka sauya. Da a nan aka tsaya da yau wataƙila likita ne ni. Amma Kawu ya sunkuyo, fuskarsa ɗauke da murmushi saboda baƙi, ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ba laifinka ba ne. Uwarka ma dabba ce."

Aka kawo sabuwar tukunya, aka kunna wuta. Ga nama ɗanye an yanka falan-falan kamar kilishin da ba a shanya ba, ga kabeji, ga naman kaza, ga awara. Kowa sai ya ɗauki yanka ɗaya da tsinke biyu, ya kaɗa shi a ruwan zafi sau biyu, ya tsoma a miya ya ci. Na ga Kawu, wanda a gida ko shayinsa ba ya motsawa da kansa, yana fama da tsinke yana washe baki. Zagin da ya yi wa Inna bai bar kunnena ba. Na zaro ƙullin Inna, na kwance, na juye shi duka cikin tukunyar.

Tururin ya tashi ja. Matar Bajapanen ta fara tari har hawaye, 'ya'yan Kawu suna atishawa, mutanen ɗakin da ke kusa suka turo ƙofar takarda suna leƙe. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa na sa tsinke na soki nama, na ci, kuma wallahi ya yi daɗi.

Kwana tara bayan haka aka haɗa ni da wani ɗan kasuwa mai komawa Kano. Yanzu 'ya'yan Kawu manya ne a can, jikokinsu ba sa jin ko "sannu". Ni na ƙare a gyaran babura, sa hannu a takarda ma sai na yi gumi. Wani lokaci in ga yara da jakar makaranta, in tsaya ina kallonsu har injin ya huce.

Ban taɓa gaya wa Inna abin da yayanta ya faɗa ba. Ranar da na iso, na tarar wasiƙarsa ta riga ni, an karanta mata abin da na yi wa tukwanen biyu. Tana tankaɗe a tsakar gida, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Na farkon kuskure ne, na san ɗan da na haifa. Na biyun fa, wa ya taɓa ka?"