Masuncin da Na Ɗauka a Zaɓen Farko

Na manta sakamakon wasanni da yawa, har da waɗanda na yi rantsuwa a kansu, amma shekarar da na tsallake gwanin da duk Gashua ke rububi na ɗauki masunci, wannan kam ba za ta fita raina ba sai ranar da ƙasa ta rufe min ido.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, ƙwallo kuwa cuta ce da na tashi da ita. Ni na kafa kulob ɗin unguwarmu, ni ne koci, ni ne mai facin ƙwallo, ni ne kuma mai shan zagi in an ci mu. Bayan girbin shinkafa mukan yi gasar unguwanni, wanda ya ɗauki kofi ya kara da zakaran Nguru, shekara ɗaya a nan, shekara ɗaya a can. 'Yan wasan da ba na kowace unguwa ba, irin ɗaliban jami'a da samarin ƙauyuka, ba mai mallakarsu. Duk shekara sai a tara su a fili kociyoyi su zaɓa bi da bi, kuma wanda ya zo na ƙarshe bara shi ke fara ɗauka. To bara mu muka riƙe wutsiya, don haka zaɓen farko a hannuna yake.

Kowa ya riga ya yi min zaɓen. Akwai wani ɗan gaba da ya dawo daga makarantar ƙwallo a Kano, ɗan ƙanwar Alhajin da ke saya mana riguna, wani attajiri mai shagunan atamfa a kasuwa. Ba zan rage masa komai ba, ya iya. In ya sa ƙwallo a ƙafa sai ya yanke mutum uku bai ɗago kai ba. Alhaji har ya sa an buga masa lamba tara a sabuwar riga.

Ni kuwa abin da ke damuna filinmu ne. Fadama ce da ruwa ke janyewa ya bar mana, shanu su bi ta kai tun tana da laushi, sawunsu ya bushe ya zama ramuka. Gefe da gefe gonakin barkono ne suka matse ta. Ka miƙa wa mutum ƙwallo a ƙasa, ta ci karo da sawun saniya ta yi waje. Na sha tsayawa bakin layi ina ganin rabin wasa yana ƙarewa a jifa, kowa kuma yana jefa wa na kusa da shi kamar mai miƙa goro.

Wata rana aka kira ni gyaran inji a bakin kogi ta wajen Katuzu. Ina tsugune ina kwance famfo sai na hangi wani mutum tsaye a kwale-kwale yana jefa birgi, komar nan mai darma a baki. Bai motsa ƙafa ba. Ƙugu kawai ya murɗa, koma ta tashi ta buɗe ta sauka can inda ban zaci hannu zai kai ba. Da ya fito gaɓa, magidanci ne ya kusa talatin, ga ƙirji ga damatsa. Ba a raba babur ɗina da ƙwallo, sai na ciro na nuna masa yadda ake jifa: hannu biyu, ta bayan kai, ƙafa a ƙasa. Ya jefa. Ta tsallake gonar barkono guda ta faɗa ta gaba.

"Kana buga ƙwallo?" na ce.

"In an rasa mutum nakan tsaya a baya," ya ce, yana dariya. "Amma fa ba na iya yanka."

"Ban tambaye ka yanka ba. Ranar zaɓe ka zo fili."

Matsala ɗaya, mai injin da nake gyarawa shi ne kocin unguwar da ke bi mana a zaɓe, kuma a kan idonsa aka yi. Na ga ya bi ƙwallon da kallo har ta sauka. Na san in na ɗauki gwanin, shi zai ɗauke masuncin. Har yau akwai masu cewa da na bari sai a ƙarshe in tsince shi a banza. Su ba su ga idon mutumin nan ba, ni na gani.

Ranar zaɓe fili ya cika. Shugaban kwamiti ya ce in fara. Gwanin har ya ɗaga ƙafa zai tako, sai na nuna masuncin a bayan layi na ce, "Wancan mai silifas."

Aka kece da dariya. Wani ya ce, "Koci, tarwaɗa za ku ci ko kofi?" Alhaji ya taso daga kan kujera, babbar riga na jan ƙasa, ya ja ni gefe.

"Kai, lafiyarka ƙalau? A gaban jama'a za ka kunyata ni?"

"Ranka ya daɗe, ba kunyata ka na yi ba. Fili na duba."

"To saurara. Ka sake baki yanzu, ko kuma in ba ka kawo kofin Nguru ba, ka ajiye usur in ba wanda ya san abin da yake yi."

Ba zan ɓoye ba, barazanar ba ta wasa ba ce. Kulob ɗin nan tun muna buga ƙwallon tsumma na haɗa shi, kuma na san in Alhaji ya janye riguna, yarana da kansu za su bi shi. Amma raina ya riga ya ɓaci. Na ce, "Alhaji, riguna naka ne, zaɓe nawa ne. Na ɗauka." Kocin da ke bi na ya ɗauki gwanin, yana yaƙen da ni kaɗai na san ma'anarsa.

Daga nan sunana ya koma Sarkin Ruwa. In na shiga gidan kallon ƙwallo sai a fara tambaya nawa kwandon kifi. Ban kula kowa ba. Na ware dogaye uku, cikinsu har da wani manomin barkono da kansa ya fi ƙafarsa hankali, na ce aikinsu ɗaya, da zarar an samu jifa su tattaru a bakin raga. A jifa babu satar gida, kowa ya san dokar, ba dai wanda ya taɓa cin moriyarta. Masuncin kuwa na koya masa ya ja da baya ya sheƙo da gudu kafin ya saki, yadda muke gani a talabijin. Duk jifa daga tsakiyar fili zuwa gaba ta zama mana bugun kwana.

Haka muka bi unguwanni ɗaya bayan ɗaya. Wasanmu ba kyan kallo, na yarda, har wani ya ce ba ƙwallo muke yi ba, jifar mangwaro ce. A wasan ƙarshe muka haɗu da unguwar gwanin. Ya yanke mutanena, ya ci mu ɗaya mai kyau wadda ni ma na tafa a zuci, sauran kuwa sawun shanu ya tare mana shi. Mu muka ci biyu, dukansu da ka. Na kai wa Alhaji labari, ya ce, "Na Nguru na ce."

Shekarar a can za a buga. Muka cika motoci biyu muka kama hanya, kuma ashe labarinmu ya riga mu isa. Filinsu rairayi ne, ba katanga, 'yan kallo ke zama layi. Muna samun jifa ta farko sai na ga abin da suka shirya: jama'a suka matso har kan layi, aka jero babura da bencina a bayan masuncin, ko taku biyu ba zai iya ja ba. Alƙalin wasa ya kore su, suka ja kaɗan suka dawo. Wani dattijo mai rawani yana ta yi wa masuncin sannu da Barbarci yana cewa, "Wushe, wushe, mai kifi! Ga hanya, yi gudun mana!" Masuncin kuwa duk ya rikice, yana ƙoƙarin kutsawa baya, ana ture shi, jifar tana faɗuwa kusa. Aka tafi hutu ba ci, Alhaji na zaune a inuwar rumfa yana kaɗa makullin mota.

Na sami masuncin yana shan ruwa, na ce bari in je in yi rigima da kwamiti a buɗe masa wuri. Ya goge baki ya dube ni.

"Koci, dole ne sai na yi gudun nan?"

"In ba gudu ina za ka samu ƙarfi?"

"A cikin jirgi wa ke gudu?"

Sai na tuna yadda na fara ganinsa tsaye a kwale-kwale. Na ce, "Jefa yadda ka ga dama."

Aka dawo suka matsa mana lamba, golanmu ya yi ta faɗuwa yana tashi. Can wasa ya kusa tashi, ɗan bayansu ya kwashe ƙwallo waje, nesa kaɗan da tsakiyar fili. Jama'a suka rufo kamar yadda suka saba, har suna taɓa masa riga. Bai ko waiwaya ba. Ya kafa ƙafafu biyu a rairayi, ya lanƙwasa baya har na ce zai karye, ya saki. 'Yan bayansu duk sun taho kusa suna jiran gajeriyar jifa, ƙwallo ta bi ta samansu. Golansu ya fito ya kama iska, manomin barkono ya sa mata goshi ta faɗa raga. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba, hula a hannu, ina ihu, "Kifi nawa? Na ce kifi nawa?" Sai da alƙalin wasa ya kore ni.

Da aka miƙa kofi Alhaji ya shigo hoto, ya dafa kafaɗata ya ce, "Sa'a ce ka taka." Na ce, "Allah ya ƙara mana irinta, ranka ya daɗe." Usur dai yana wuyana, kuma a gaban mota masuncin ya zauna da kofi a cinya har Gashua.

Shekara ta zagayo, aka mayar da kowa fili, mu zakaru muka koma ƙarshen layi. Alhaji ya riga ya kwashe rigunansa ya koma wa unguwar da ta zo ta ƙarshe, wato zaɓen farko nasu ne. Ga ɗan ƙanwarsa tsaye a gaba. Na ga ya sunkuya ya raɗa wa sabon kocinsa magana, kocin ya miƙe ya nuna bayan layi ya ce, "Wancan mai silifas." Ba wanda ya yi dariya. Ni ne na yi, ni kaɗai, har da hawaye. Ban taɓa jin daɗin rasa ɗan wasa irin na ranar ba.

Abin da na koya ke nan: in zaɓen farko ya faɗo hannunka, kada ka ɗauki wanda bakin jama'a ya ɗauka, ka dubi filin da za ka buga a kai. Za a yi maka dariya, ka bar su su yi. In ka yi daidai, cikin masu dariyar ne wani zai zo ya ƙwace maka shi.