Linus Onyedikachi, Wanda Ya Riƙe Inji da Hannunsa

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, 'yan bindiga suka kashe Linus Onyedikachi a cikin kwale-kwalena, a tsakiyar kogin da ya ratsa ƙauyenmu na Mashigin Dinya. Harsashi biyu suka same shi, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a ƙasan haƙarƙari. Shekarunsa hamsin da huɗu. An binne shi ranar Asabar a Kafanchan, garin da aka haife shi, ya bar matarsa Ukachi da 'ya'ya biyu, Munachi da Collins. Ni Kumai, tsohon malamin firamare da ya koma sana'ar ubansa ta kamun kifi, ni ne mutum na ƙarshe da ya ji muryarsa.

Injiniya, a wurin jana'izarka kowa ya tashi ya faɗi alherinka, ni na kasa buɗe baki. Mutane sun ɗauka kuka ne ya shaƙe ni. Gaskiyar ita ce tsoro ne ya kama ni. Ina da hannu a mutuwarka, matarka ba ta sani ba a lokacin, kuma ina fargabar yadda za ta dube ni ranar da ta sani.

Shekara ashirin ke nan da na turo mataccen babur ɗina tun daga hanyar Zonkwa har rumfarka da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Ka buɗe inji ka leƙa, ka zagi wanda ya taɓa shi kafin kai, ka zagi wanda ya koya masa aiki, sannan ka juyo kaina ka tambaye ni ko da man gyaɗa nake yi masa juye. Na yi niyyar ɗaukar abina in tafi. Kafin la'asar ka tayar da shi, ka ja ni gida, matarka Mama Munachi ta ajiye mini akpu, tuwon rogo irin naku, da miyar agushi, ka zauna kana dariyar yadda nake haɗiye shi da ƙyar. Daga ranar ba ka sake kiran sunana ba, sai Ticha.

Mahaifinka ma'aikacin reluwe ne, a wurinsa ka koyi cewa noti ɗaya da bai ɗauru ba yana iya kashe mutum ɗari. Ba ka taɓa yin sassauci a kan wannan ba. Ina wurin ranar da wani direba ya ce ka ɗaure masa birki da waya ya kai fasinja Kagoro ya dawo. Sifana ka wurga masa, ya sunkuya ta fasa madubin motarsa, ka kuma zare makullin ka sa a aljihu har sai da aka kawo sabon ƙarfe. Kai ɗin nan kuma, duk lokacin da injin niƙan Hellen, gwauruwar ƙauyenmu, ya tsaya, sai ka hau babur ka yi tafiyar awa guda ka gyara mata, ka koma da ƙullin gyaɗa kana ƙorafin ba ta soyu ba. Famfon masallacin 'yan kifi ma kai ne likitansa. Bakinka ya fi na kowa kaifi a Kafanchan, amma ban san wanda ya zo maka da damuwa ya koma da ita ba.

Bara kafaɗuna suka fara ba ni kunya. Nakan tuƙa kwale-kwale da filafili in hau ruwa, in kwana uku ban iya ɗaga hannu in sa riga ba. Ka lura da haka. A watan Satumba sai ga ka da wani dogon farin abu ɗaure a bayan babur. Ka ce surukinka ne ya aiko daga Fatakwal, ƙaramin inji ne mai aiki da batir, irin wanda masuntan teku suke ɗaurawa a jirgi don ya tafi a hankali ba ƙara, kifi bai ji zuwansu ba. Ka nuna mini farfelarsa da notocinsa da ba sa tsatsa, ka ce an ƙera shi ne don ruwan gishiri. Na tambaye ka ina gishiri a kogin nan. Ka ce, “Ticha, abin da ya jure gishiri zai jure taurin kanka.”

Bai jure ba. Injin yana son faffaɗan katako a bayan jirgi inda zai zauna a ɗaure shi, kwale-kwalena kuwa gaba da baya duk tsini ne. Ka zagaya shi sau biyu, ka ɗauko zarto.

“Jirgin nan naka ba shi da gindi. Bari in yanke taku ɗaya, in sa katako mai kauri, inji ya zauna daram.”

Na riƙe maka hannu. A gidanmu ba a sa zarto a jirgin da uba ya bari. Ana liƙe shi da kwalta, ana ƙara masa katako, amma ba a rage shi. Haka kakana ya bar wa babana, haka babana ya bar mini. Na ce ka ɗaura a gefe.

“Katakon gefe ya tsufa, ba zai riƙe noti ba. Ni na faɗa maka. Babanka ya mutu, Ticha, kai ne za ka shiga ruwa.”

Na ce in haka ne ka ɗauki injinka. Ka hau babur ka tafi ko sallama babu, mako uku ba ka ɗauki wayata ba. A iya sanina, wannan ne karo na farko da ka sauka daga kan maganarka a kan aiki, kuma saboda ni ka sauka. Ka yi waldar wani hannun ƙarfe da za a ɗaure a gefen jirgin, ka yi cajin batir biyu, ka iso bakin ruwa da hantsin waccan Talatar. Ka huda katakon wuri huɗu, ka ɗaure noti huɗu, kana yi kana tsaki. Da ka gama ka ce, “Kai da kifinka kawai zai ɗauka. Kada ka loda masa buhun citta.”

Ba mu kai ga gwada shi ba muka ji harbi daga gefen tudu. Da farko ɗaya ɗaya, sai kuma ya haɗe. Hayaƙi ya tashi daga rumbunan da ke bayan majami'a. Sun zo a kan babura, uku uku, wasu da bindiga wasu da adda, suna cinna wa rufin ciyawa wuta suna harbin duk wanda ya fito. Daga inda muke tsaye na ga sun cim ma tsohon da ke kaɗa mana ƙararrawar coci a kan hanyar rafi. Ya ɗaga hannu biyu sama, suka sare hannuwan, suka sare shi. Mata da yara suka gangaro bakin kogi da gudu, wasu da jini, wata da zani yana cin wuta a jikinta. Kogi kuwa ya cika ya yi ja, ƙarshen damina, ko gwanin iyo ba ya shigarsa. Sauran jiragen duk sun haye kasuwa tun da safe.

Babur ɗinka yana nan a gindin mangwaro, hanyar gona a buɗe take, ba ɗan ƙauyen ba ne kai. Ko waiwayarsa ba ka yi ba. Ka haɗa wayar batir, ka daka mini tsawa in loda yara. Mutum tara muka haye da su a sahun farko, injin yana tafiya shiru kamar ba a kunna ba. Sahu na biyu muka ɗauki goma, jirgin ya nutse har ruwa yana lasar bakinsa. A tsakiyar kogi na ji katakon ya yi ƙara. Ya tsage daidai layin notocin nan huɗu, hannun ƙarfen ya ɓalle, injin ya karkata zai tafi ƙasa. Ka yi tsalle ka rungume shi, ka danne shi da ƙirjinka a kan tsinin jirgin, hannu ɗaya a wuyansa, ɗaya a kan makunni. Ba ka ko dube ni ba. Da ka zage ni a lokacin, da ya fi mini sauƙi.

Da muka sauke su na ce ka tsaya a can, in koma da filafili. Ka ce, “Da wace kafaɗa? Matarka tana can. Shiga mu tafi.”

Mun bi ta jikin dogayen ciyayi, ba su ji zuwanmu ba. Muka ɗauki matata Serah, da Hellen, da wasu yara huɗu, da Jamiluddeen mai sayen kifi wanda aka sara a damtse yana matse wurin da hularsa. Muna barin gaɓa suka iso. Na yi ihu kowa ya kwanta, kowa ya kwanta a cikin ruwan da ke ƙasan jirgi, har ni. Kai kaɗai ba ka da halin kwanciya, domin in ka sunkuya injin ya tafi, ruwa ya mayar da mu hannunsu. Harsashi yana faɗawa ruwa hagu da dama, yana fasa katako. Na farko ya buge ka a kafaɗa, jininka ya fantsamo mini a fuska. Ka yi ƙara ka kira sunan Yesu, ka ƙara matse injin. Na biyu bai sa ka yi ƙara ba. Ka ce da ni a hankali, “Ticha, duba gaba, kada mu bugi dutse.” Jirgin ya hau yashi, farfela tana ta haƙar ƙasa, hannunka yana kan makunni. Sai da na fizge wayar batir ta tsaya. Mutum ashirin da shida ka ƙetarar, a ƙauyen kuma mun binne goma sha ɗaya.

Jiya na je Kafanchan. Mama Munachi tana zaune a tabarma cikin baƙaƙen kaya. Ta ce Hellen ta gaya mata kowa ya kwanta, me ya sa mijinta kaɗai ya ɗaga kai? Na durƙusa na faɗa mata duka, zarton da na hana, da gargaɗin da ka yi mini, da katakon da ya tsage. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi hannuwana, sannan ta ce, “Na ji, Malam. Ka tafi gida. Kada ka sake zuwa gidan nan sai na aiko.” Ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Waɗanda suka harbe ka, ban iya yi musu addu'ar da Fada, limamin cocinmu, ya ce mu yi ba tukuna, zuciyata tana tafasa. Na bar su da Allah mai shari'ar gaskiya, wanda ya ga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ya Ubangiji, ka karɓi bawanka Linus da jinƙai, ka gafarta masa zafin bakinsa, ka dubi aikin hannuwansa, ka ba shi hutawa a wurin Almasihu tare da sha ɗayan da muka rasa. Munachi da Collins, Allah ya tsaya muku a matsayin uba, ya ba ku ƙarfin zuciya irin na mahaifinku. Ina miƙa ta'aziyyata ga dangin Onyedikachi na Kafanchan da na gida, da abokan aikinsa na bayan tasha, da ikilisiyarsa. Mama Munachi, Allah ya share miki hawaye, ya riƙe ki dare da rana. Ina nan bakin kogi, ko shekara nawa zai ɗauka, ina jiran aikenki.