Takardar Malam Isiyaku

Har gobe ban manta da ranar da Shugaban Sashenmu ya ɗaga takardar Malam Isiyaku a gaban taro yana yabo ba. Da damina ne, ba a daɗe da canja kuɗi zuwa naira ba. Ina duba-gari mai daraja ta ɗaya a Kaduna, shekarata goma sha biyu a bakin aiki. Isiyaku kuwa Bakatsine ne, shekararsa biyu kacal.

A lokacin kuɗin lasin sana'a ɗaya ne ga kowa, tela da mai marina duk daidai. Takardar ta ce a raba sana'o'i aji uku bisa cutar da suke jawo wa unguwa. Mai zuba ƙazanta a kwata ya fi kowa biya, in ya gyara a sauko da shi. Abin da ya ci mini rai, na daɗe ina faɗar haka a gindin bishiyar ofis, ban dai taɓa rubutawa ba.

Aka amince da takardar, aka ba Isiyaku babur don zagaye. Shugaba ya ce, “Malam Bala, ka san gari, ka raka shi.” Na ce, “To, ranka ya daɗe.”

Da gangan na fara kai shi garejin Alhaji Tanimu a Unguwar Dosa, mutumin da ko ɗan sanda ba ya son bakinsa. Baƙin man garejin yakan bi kwata har bakin rijiyar maƙwabta. Na koma gefe ina jiran a kori Isiyaku.

Alhaji ya saurare shi, sai ya juyo kaina. “Malam Bala, shekara nawa kana wucewa nan muna gaisawa? Ka taɓa ce mini man nan na cutar da wani?”

Isiyaku ya ce, “Alhaji, ai shi ya kawo ni. Ka sa ganga biyu a riƙa tara man, masu katako za su saya don maganin gara. Wata mai zuwa mu dawo, in kwata ta tsarkaka ka sauka aji na biyu.”

Alhaji ya yi faɗa har ya gaji, amma da muka koma gangunan na nan. Jin cewa Tanimu ya bi, sauran masu gareji ba su ja ba. Kafin shekara ta zagayo Isiyaku ya zama babbana. Duk ranar da na kai masa fayil sai na ji haushi, ba zan ɓoye muku ba.

Ku da kuke fara aiki, ku riƙe wannan: a aikin gwamnati, maganar da ba ta hau takarda ba hira ce. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, takin Isiyaku ni na kai masa da hannuna.